Kibiyar Bahago

"...muna lafiya, Malama, ya ƙarin haƙuri? Shigo, ga kujera. Wannan tsohon da ke bayanki fa, tsintarsa kika yi a hanya ko gyara kika kawo shi?"

Da haka taubashiyar mijina ta tarbe mu a shagonta na buga takardu. Mahaifinta da mahaifiyarsa uwa ɗaya uba ɗaya suke. A wata guda aka haife su su biyun, dattawan da suka san wanda ya riga wani duk sun rasu, don haka shekara sittin da huɗu ke nan ba su daidaita a kan wane ne babba ba, balle wane ne bawan wani. Ita tana kiransa Safiyo, saboda aikin awon filaye da ya yi har ya yi ritaya. Shi yana kiranta Ƙwas-ƙwas, tun zamanin da take aiki da tafireta.

Abin da ya kai mu yana cikin jakar da ya rungume: kwamfutar ɗanmu, wanda muke kira Bahago, Allah ya jiƙansa. Wata goma sha ɗaya tana saman durowa ba wanda ya taɓa ta. A makon jiya Safiyo ya buɗe ta don ya ga hotunan da yaron ya tara mana a folda guda. Ya gan su sau biyu. A na uku foldar ta ɓace daga allon, kuma ba mu da hotunan a wani wuri. Kwana uku bai cinye abincin da na sa masa ba. Ya ƙi kai ta wurin masu gyara, yana tsoron kada su wanke ta gaba ɗaya. Da na ce mu je wurin taubashiyarsa, ya ce gara ya kai wa akuya, sannan ya tashi ya sa takalmi.

"Ina kwana, baiwar gidanmu," in ji shi. "Har yanzu kina nan kina ɓata wa mutane takardu?"

"Ina nan ina gyara abin da masu digiri suka ɓata. Ɗora ta nan. A hankali, ba bulo ba ce."

Ta ture tulin takardu da kwalbar gam gefe, ta kashe injin kwafi da ke ta huci a kusurwa, ta ɗora tabarau a kan hanci.

"To, faɗa min, me ka yi mata?"

"Ban yi mata komai ba. Kibiyar nan ta kan allo ce ba ta da tarbiyya."

"Kibiya ce ba ta da tarbiyya."

"In na ce mata gabas sai ta yi arewa maso yamma. In na kusa kama ta sai ta shige gefen allo ta maƙale. Ni ban taɓa ganin abu mai taurin kai irinta ba, in ban da ke."

Ya zuge jakar ya ciro rular ƙarfensa da ɗan littafin aljihu, ya buɗe a gabanta.

"Na auna. In na ja yatsa inci ɗaya a kan wannan ɗan farantin da ake shafawa, kibiya sai ta yi tafiyar inci tara da rabi. Sau goma sha biyu na gwada. Ga lissafin."

Ƙwas-ƙwas ta cire tabarau ta dube ni. "Malama, don girman Allah, da gaske awon kibiya ya zauna yana yi?"

"Akwai taswira a shafi na gaba," na ce. "Ya sa jan alƙalami a duk inda take ɓuya."

Ta juya shafin, ta kifa kai a kan tebur. Kafaɗunta sai rawa suke yi. Da ta ɗago hawaye ne a idonta.

"Wannan takardar a bar min ita. Gilashi zan sa mata. Jikokina su ga wanda gwamnati ta riƙa ba amanar filayen jama'a."

"Filin da kika gina gidanki ni na auna."

"Shi ya sa katangata ta shiga ɗakin girkin maƙwabta. Matso, nuna min yadda kake yi. Kada ka canja komai, yi kamar ba na nan."

"Kullum haka nake yi."

Ya gyara zama. Ya lashi ɗan yatsansa kamar mai buɗe shafin littafi, sannan ya kafa gindin tafin hannunsa a kan farantin.

"Tsaya. Me ya sa ka lashi yatsa?"

"Don ya kama."

"Kan sarki za ka manna a wasiƙa? Wannan hannun kuma da ka shimfiɗa kamar faifai, na mene ne?"

"Haka ake danne taswira kada iska ta ɗauke."

"Wace iska ce a cikin kwamfuta, Safiyo?"

Ya bi kibiyar daga wannan kusurwa zuwa waccan yana cije leɓe, har ya samu ta tsaya a kan wata folda. Ya danna maɓallin hagu da ke ƙasan farantin. Foldar ba ta buɗe ba, sai wani jerin rubutu ya sauko.

"Kin gani? In na ce buɗe, sai ta miƙo min jerin zaɓi kamar na shiga gidan abinci."

"Na hagu ka danna?"

"Na hagu ake dannawa. Ko ke da kika yi karatunki ta bayan taga kin san wannan."

"Kwamfutar wa ce?"

Ya dube ta.

"Da wane hannu yake aiki?" ta sake tambaya, muryarta ta sauka.

Safiyo ya janye hannunsa daga kan farantin ya ɗora a cinya.

"Ya juya maɓallan," in ji ta. "A wurinsa na dama ne ke buɗewa, na hagu ke kawo jerin nan. Kai kuma ka danna na hagu, jeri ya sauko, wannan katafaren tafin naka ya taɓa farantin, ita kuwa ko shafa ta aka yi ɗauka take an danna. A cikin jerin akwai inda aka rubuta a goge. Nan ka faɗa."

"A goge," in ji shi. Ya yi ƙoƙarin miƙewa.

"Zauna. Amsa min tambaya ɗaya tsakaninka da Allah. Tunda uwarka, gwaggona, ta haife ka, ka taɓa ɗaukar kwandon shara ka je ka zubar?"

"Me ya kawo wannan maganar?"

"Malama, ya taɓa?"

"Shekararmu talatin da bakwai," na ce. "Ban gani ba."

"Ba aikina ba ne," in ji shi. "Ga bayi irinku."

"Alhamdu lillahi. Yau ƙiwarka ta yi rana."

Ta ɗora yatsa ɗaya a kan farantin, kibiyar ta bi ta tamkar 'yar gida. Ta kai ta kan wani ɗan hoton kwando a kusurwar allon, ta danna na dama sau biyu. Foldar tana ciki ita kaɗai, da sunan da Bahago ya sa mata: Mutanen Gida. Ta mayar da ita inda take.

Ni dai na riƙe hannun kujera. Safiyo ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Nawa ne a ciki?"

"Dubu biyu da ɗari uku da goma sha huɗu."

Ya buɗe shafin farko na littafinsa ya duba. Ashe ya rubuta adadin tun ranar da ya fara ganinsu. Ya rufe littafin, ya ciro hankici ya daɗe yana goge tabarau.

"Sun cika," ya ce. Sai ya yi gyaran murya. "Dama na san suna nan. Gwada ki nake yi."

"Na sani. Shi ya sa ka rame har wuyan rigarka ya yi maka yawa." Ta jawo aljihun tebur ta ciro filas, ɗan abin nan na ajiye hotuna da takardu, ta soka a gefen kwamfutar. "Zan kwafe su a nan in ba Malama ta ɓoye inda hannunka ba ya kaiwa. Kafin su gama, bari mu yi wa kibiyarka tarbiyya."

Ta shiga wurin saiti. Wani layi ya fito da ɗan maƙalli a can ƙarshensa na dama.

"Ga gudunta. Yaron nan a ƙarshe ya kai ta, don shi komai nasa da sauri ne. Akwai gudun samari, akwai na dattawa, akwai kuma naka, wanda kake yi in an ce ka zo ka kama aiki."

"Sa min a tsakiya."

"Tsakiya ta masu sauran ƙarfi ce." Ta ja maƙallin baya sosai. "Gwada. Ban da lasa."

Ya ja yatsa. Kibiyar ta taho a natse. Ya ɗauki rula ya kara a allon.

"Inci biyu da kwata. Wannan ya yi hankali."

"Girmanta fa? Ka ce tana ɓuya. In mayar da ita kamar hancinka, ko wannan ya yi yawa?"

"Ki sa ta kamar bakinki, a hango ta daga bakin titi."

"Allon ba zai ɗauka ba." Ta ƙara mata girma, ta mayar da ita baƙa wuluk. "Yanzu na kashe dannawa da shafa. Ko kwana ka yi a kan farantin nan ba abin da zai goge. In kana son abu, sai ka danna maɓalli da niyya, kamar mutum."

"Ashe dai kin iya wani abu. Duk shekarun nan na ɗauka hayaniya kawai kike sayarwa."

"Saura ɗaya." Ta kai kibiyar kan wani ɗan akwati ta tsaya. "Nan ne ake mayar da maɓallan yadda kowa ya saba. Dannawa ɗaya ce."

Ba ta danna ba. Ta zauna tana kallon akwatin.

"Ni na koya masa wannan," ta ce. "A kan teburin nan, yana aji shida. Ya zo yana kumbure-kumbure, wai Baba ya ce rubutu da hagu ba tsari ba ne, ya sa shi cika shafi biyar da dama. Na ce masa rabu da Babanka, shi ko da hannu biyu bai iya ba. Na juya masa maɓallan waccan tsohuwar kwamfutar. Kwana biyu ina dannawa ba daidai ba ina zaginka."

"Ashe ke kika lalata min shi."

"Ni ce. Da ka samu yadda kake so, da yanzu rubutunsa irin naka ne, kamar kaza ta bi ta kan siminti." Ta dube shi ta saman tabarau. "In danna?"

Safiyo ya daɗe yana kallon maɓallan biyu. Na dama ya fi na hagu sheƙi, fentinsa ya goge a tsakiya daidai faɗin babban yatsa.

"Bar shi yadda ya sa."

"Za ka yi ta faɗawa jerin nan."

"Matsa."

Ya naɗe hannun rigarsa na hagu. Ya ɗora manuniya a kan farantin, sai babban yatsansa ya sauka da kansa a kan maɓallin dama, daidai wurin da ya goge. Kibiyar ta yi ɗan tangaɗi, ta miƙe, ta hau kan Mutanen Gida. Ya danna sau biyu, ta buɗe. Ya kai ta kan hoto ɗaya a tsakiya ya sake dannawa.

Hoton ya cika allon. Safiyo ne a kujerar falo yana barcin rana, baki buɗe, tabarau a karkace, rular ƙarfe a kwance a ƙirjinsa. A gefen hoton ga babban yatsan Bahago a ɗage yana jinjina.

Ƙwas-ƙwas ta yi wata ƙara har mai ɗinkin da ke shagon kusa ya leƙo. Ni ma dariyar ta ƙwace min, irin wadda na manta ina da ita.

"Wannan babba zan buga," ta ce tana riƙe ciki. "Mai launi. A bakin ƙofa zan rataye, in rubuta a ƙasa: ana awon fili."

"Ba barci nake yi ba. Lissafi nake yi."

"Da baki?"

Ya so ya ɗaure fuska, abin ya gagara. Ya yi dariya har da tari, yana nuna ɗan yatsan da ke gefen hoton. Da ya samu numfashi sai ya ɗauki rular ya ajiye a gabanta.

"Riƙe. Na ba ki."

"In yi me da ita?"

"Ki riƙa auna bakinki."

"Ba za ta kai ba." Amma ta ɗauka ta sa a aljihun tebur. "To faɗi ɗaya maganar, Malama tana shaida. Wane ne bawan wani?"

Ya rufe kwamfutar da hannun hagu, ya sa a jaka, ya rungume.

"Ni ne," ya ce. "Daga yanzu zuwa la'asar. Ki buga hoton guda biyu, ɗaya na falonmu."