Injiniya Alƙasim da Moton Surukinsa

Daga Madawa har Keita babu wanda ya san cikin inji kamar Injiniya Alƙasim. Wannan magana tabbatacciya ce, domin daga bakinsa ta fito, kuma ya maimaita ta a gaban shaidu. Shekara goma sha ɗaya ya yi a garejin wani furoje, wato aikin raya karkara, a Keita. Gaskiya ne aikinsa buɗe ƙofa da rufe ta, amma duk motar da ta shiga da ciwo ta gabansa ta wuce, duk wadda ta fita da lafiya shi ya ɗaga mata hannu. Ilimi ya yi ta shigarsa ta kunne har ya cika fal. Da furoje ya tashi, sai ya dawo gida da shuɗiyar rigar makanikai, da kile mai lamba goma sha biyu na kwance ƙusa, da sunan Injiniya wanda ya raɗa wa kansa don ya rage wa jama'a wahala.

Rigar nan abin kallo ce. Shekara shida tana jikinsa, ɗigon baƙin mai bai taɓa sauka a kanta ba. 'Yan kabu-kabu na tasha suna kiransa Likitan Fistan, in ya ba da baya su ƙara masa da Mai Kunnen Zinariya. Bai taɓa tuƙa moto, wato babur, ba, kuma yana da hujja.

"Tuƙi aikin hannu da ƙahwa ne," in ji shi. "Ni aikin kai nika yi."

Bayan an gama zuba hatsi a rumbu, samarin yankin suka shirya tseren moto a filin bayan gari. Zagaye biyar za a yi, an shata hanya da tsofaffin tayoyi, wani ɓangarenta ya ratsa yashin busasshiyar ƙorama. Moto mai fistan ɗaya kaɗai aka yarda ya shiga. Za a zo daga Bangi da Karofane da Ibohamane, wanda ya ci ya tafi da rago. Ranar Litinin Injiniya ya ji labari. Ranar Talata ya gano cewa mutuncin garin nan kaf a wuyansa yake. Abu ɗaya ƙanƙani ya rage masa: ba shi da moto.

Amma Allah ya ba shi suruki. Yunusa, mijin 'yarsa Furera, ɗan kabu-kabu ne mai jan moto guda ɗaya. Da shi yake kai fasinja garin Buza, da shi yake ɗauko buhun albasa, daga gare shi tukunyar gidansa ke hawa wuta. Ba shi da gona, ba shi da akuya. Injiniya ya aika aka kira shi. Yunusa ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya tsuguna, ya kafa ido a ƙasa.

"Yunusa, sa'arka ta tashi. Moton ga naka, tunda Sinawa sunka ƙera shi ba a taɓa nuna mai ko shi wane ne ba. Barci yaka yi. Ni zan tashe shi. Kwana goma sha biyu ya ishe ni. Kai dai ka hau ka riƙe."

Suruki ba ya ce wa uban matarsa a'a. Ba ya ma cewa "amma". Yunusa ya ce, "To, Baba."

Aiki ya fara washegari da hantsi, a ƙofar gida, inda masu wucewa za su amfana. Darasi na farko shi ne nauyi. Injiniya ya aro sikelin mai albasa, duk abin da aka kwance sai an auna shi an faɗa da ƙarfi. Shi bai taɓa komai ba. Yana nunawa da kile, Yunusa yana kwancewa. Madubai biyu, giram ɗari shida. Fitila da ƙaho, kilo ɗaya da giram ɗari. Ƙarfen ɗaura kaya da mazaunin fasinja, wato ainihin wurin da abincin Yunusa ke zama, kilo huɗu. Batir ya fita. Kik, wato ƙarfen da ake takawa a tayar da inji, shi ma ya fita, domin a cewar Injiniya sau ɗaya ake tayar da moton tsere, kuma turi ya wadatar. Jimilla kilo tara da giram ɗari huɗu. Aka tara kayan cikin buhu, Injiniya ya zauna a kai.

Darasi na biyu shi ne murya. Aka kawo zarto aka datse rabin bututun hayaƙi. Da aka tura moton ya tashi, jakuna uku suka tsinke igiya, liman ya aiko a tambaya ko lafiya. Injiniya ya lumshe ido, ya karkata kunne.

"Kun jiya? Da can tari yaka yi. Yanzu magana yaka yi."

Darasi na uku shi ne numfashi. Ya sa aka ciro filtir, soson nan da ke tace iska kafin ta shiga inji, ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera.

"Jama'a, ku dubi zalunci! An toshe ma inji hanci, an ce ya yi gudu. Wa ke iya gudu da ƙyalle bisa baki?"

Abdallah mai raƙuma yana tsaye a gefe, rawaninsa ya rufe hanci da baki, ido kaɗai ke waje. Ya ce a hankali, "Mu dai saboda yashi muka ɗaurawa, Injiniya."

"Kai raƙumi ka sani. Ga kimiyya ta Turai."

Abdallah ya gyara rawaninsa ya ja raƙuminsa.

A garin akwai wani makanike da ake kira Tsoho. Hannunsa baƙi ne har gwiwa, bai taɓa yin jawabi ba, saboda haka babu wanda ya ɗauke shi masani. Ya zo ya duƙa ya leƙa injin, ya tashi ya yi tafiyarsa. Da la'asar ya tari Yunusa a bakin masallaci.

"Ɗana, inji ba filtir cikin yashin ƙorama, zagaye guda zai kai. Na biyu yashi ya cinye fistan, moto ya zama ƙarhen awo."

"Mi zan yi, Baba Tsoho? Uban matata ne."

"Shi ya sa nika gaya ma kai, ban gaya mai ba."

Ranar kwana na tara Furera ta zo da kanta. Ita 'ya ce, kunyar suruki ba ta hau kanta ba. Ta tsaya a gaban buhun kayan, hannu a ƙugu.

"Baba, kasuwar Buza ta ci, wata na tahe, mijina na nan zaune shina miƙa maka ƙusa. Jiya gidan Inna Saude na ɗebo hatsi. Ƙaran ga da kuka yi, shi za mu dama mu sha?"

"Ke, Furera, mata ba su san tarihi ba. Ranar Lahadi sunan mijinki zai kai birnin Tawa."

"Sunan ya tahi duk inda ya ga dama. Moton dai ya dawo gida."

Injiniya ya juya ga 'yan kallo ya yi murmushin manya, irin na wanda ya saba da rashin godiyar duniya.

Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu da kwata, moto goma sha huɗu suka jeru. An tanadar wa dattawa rumfa, an ba Injiniya kujera a ciki. Bai zauna ba. Rumfa tana ɓoye mutum. Ya taka har kwanar ƙarshe, dab da inda hanya ke komawa cikin yashi don zagaye na biyu, ya tsaya a bakin tayoyi ƙarƙashin gawo, rigarsa tana sheƙi, kile a ɗage, inda duk mai ido zai gan shi.

Aka busa usur. Yunusa ya tura moton da gudu ya ɗare. A faɗi gaskiya, ya fita gaba. Yunusa ya iya tuƙi, kuma sauran sun ɗan tsorata da ƙarar, sun ba shi hanya. Ya ratsa yashin ƙorama, injin ya shaƙi rabonsa, ya fito da wata sabuwar murya mai kama da ta injin niƙa da tsakuwa ta faɗa ciki. Ya miƙe zuwa kwanar ƙarshe. A nan ya ga uban matarsa tsaye a bakin hanya.

To, akwai wata doka da Injiniya da kansa ya kafa tun makon auren Furera, kuma ya sanar da ita a tasha don kowa ya ji: suruki na gari ba ya wuce uban matarsa a kan abin hawa. Shekara huɗu Yunusa bai taɓa karya ta ba. Ya taka birki. Ya sauka. Injin ya yi tari biyu ya mutu. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a gefen moton, ya kafa ido a ƙasa.

"Baba, ina wuni."

Fili ya yi tsit, in ban da moto goma sha uku da suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya buɗe baki zai ce "Tahi!" Sai ya ga idon dattawan garuruwa huɗu a kansa. Gaisuwa ce aka yi masa a bainar jama'a, irin wadda ba kowane uban mata ke samu ba. Ƙirjinsa ya kumbura da kansa.

"Lahiya lau, Yunusa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ina iyali?"

"Suna lahiya, Baba."

"Madalla. Jama'a, kun ga tarbiyya? To, tashi ka tahi!"

Yunusa ya tashi ya kai ƙafa inda kik yake. Babu kik, yana cikin buhu, giram ɗari bakwai. Ya gwada turi, amma gabansa yashi ne, taya ta nutse. Injiniya ya zabura zai kama bayan moton ya taya shi, Yunusa ya sake zubewa ƙasa.

"Subhanallahi, Baba! Kai ka tura ni? Gara in mutu."

Haka suka tsaya, ɗaya ba ya iya turawa, ɗaya ba ya yarda a tura shi, har wani saurayi daga Ibohamane ya gama zagaye na biyar ya kama igiyar rago. Ko Yunusa da gangan ya yi, babu mai iya shaida. An dai ga, sa'ad da yake tsugune, yana shafa tankin moton kamar mai lallashin mara lafiya.

Da magariba Furera ta ɗauki buhun kayan a ka, Yunusa ya tura moton, suka nufi wurin Tsoho. Washegari Tsoho ya buɗe injin, ya wanke yashi, ya duba fistan a hasken rana ya ce da sauran ransa, ko da yake ya ji jiki. Kwana biyu ya yi yana mayar da kilo tara da giram ɗari huɗu inda Sinawa suka sa su, ya liƙe bututun hayaƙi da walda. Ranar kasuwar Buza aka ga jan moto ya fita da fasinja biyu da buhun albasa, yana tafiya cikin tarinsa na da.

Injiniya kuwa ya fitar da bayani a tasha. Ya ce moton da ya gyara shi ne mafi gudu a duk ƙasar Adar na tsawon zagaye ɗaya saura kaɗan, kuma babu injin da ya kayar da shi. Tarbiyyar da shi da kansa ya dasa ce ta tsayar da shi, saboda haka nasara biyu ya yi a rana guda. Ya ƙara da cewa baɗi zai zaɓi wani moton daga cikin na tasha ya ɗaukaka shi.

Tun daga ranar, da zarar 'yan kabu-kabu sun hango shuɗiyar riga daga nesa, sai kowa ya sauka daga motonsa, ya kashe inji, ya tura shi da sauri ya shige lungu. Injiniya ya lura da haka. Ya ce bai taɓa sanin girmansa ya kai nan ba.