Harajin Ƙofa

A Dajin Tsamiya, kowane rani dabbobi kan ratsa zuwa tafki, mai rami kuwa ya sauke matafiyi ya karɓi ɗan hatsi. Da haka Gafiya Tabawa take ciyar da 'ya'yanta biyar. Ɗaki ɗaya take bayarwa haya, amma raminta ƙofa huɗu gare shi: ɗaya ta shiga, uku na gudu idan maciji ya leƙo. Kura, Ma'ajin fada, ita ma tana sauke baƙi. Kogonta ɗaki arba'in ne, ƙofa ɗaya.

Ranar da majalisa ta zauna kan harajin masauki, Kura ta miƙe tana share baki.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Zaki, "ƙirga ɗakuna tona asirin gida ne, mu kuwa masu kunya ne. A ƙirga ƙofa. Kowace ƙofa mudu goma na hatsi, babba da ƙarami, babu son kai."

Fadawa suka ɗauka: "Adalci ke nan!" Mafi yawansu ko rami ba su taɓa haƙawa ba.

Tabawa ta durƙusa. "Allah ya ja zamanin Sarki, baƙo ɗaya nake saukewa, shi ma ba kullum ba. Ƙofofin nan uku ba na ciniki ba ne, na tsira ne."

Dila, magatakarda, ko kallonta bai yi ba. "Baiwar Allah, ba wanda ya tilasta miki. Idan ƙofa ta yi miki yawa, ki toshe."

Aka naɗa maciji Kumurci mai karɓar haraji, wai don shi kaɗai ne yake iya shiga kowane rami. Abin ƙyama, har tafi aka yi.

Tabawa ta ƙara kuɗin ɗaki don ta biya mudu arba'in. Baƙi suka gudu zuwa kogon Kura mai araha, inda masu shiga suka fi masu fitowa yawa, ba kuma wanda ya tambayi dalili. Da rumbun Tabawa ya ƙare, ta kwaɓa laka ta toshe ƙofofi uku da hannunta, 'ya'yanta suna miƙo mata.

Ran Laraba da hantsi Kumurci ya zo karɓar mudu goma. Ya yi sallama, ya cika ƙofar da jikinsa.

A zama na gaba Dila ya karanta rahoto: an sami rami mai ƙofa ɗaya, daidai da doka, babu kowa ciki. Kura ta nemi a ba ta shi, tunda baƙi sun yi mata yawa.