Ranar da Tabawa Ta Ƙi Ba da Haƙuri

Shekarar nan Dajin Sanyi bai ga da kyau ba. Gobara ta cinye kurmin yamma har hayaƙi ya rufe rana, ramukan kwana suka yi ƙaranci har zomaye na kwana bisa juna, ga kuma maƙwabci ya tashi da rigima. Maƙwabcin shi ne Karkanda, sarkin Dajin Kudu, wanda ya fi su jama'a, ya fi su ƙaho, ya kuma fi su baki. Kusan duk zumar da Dajin Sanyi ke tatsa da itacen da yake sara, Kudu ake kai su. Sai wata safiya Karkanda ya farka ya ce an daɗe ana cutarsa, don haka duk kayan da za su ƙetare kogi sai an sauke masa nasa kason. Daga baya ya shiga faɗin cewa ai Dajin Sanyi zai fi kyau idan ya zama wata unguwa a cikin nasa dajin. Da farko an yi ta dariya. Da ya ƙi daina faɗa, dariyar ta ɗauke.

Dabbobin Dajin Sanyi suna da wata ɗabi'a da suke tinƙaho da ita, wato ba da haƙuri. Idan ka taka ɗayansu, shi zai riga ka cewa "yi haƙuri." An taɓa ganin wata barewa ta yi karo da kututture, ta ja da baya ta ba shi haƙuri. A Kudu kuwa ba haka abin yake ba. Can, duk wanda ya ba da haƙuri ya amsa laifi ke nan, kuma ƙasar mai laifi ta zama ta wanda aka yi wa laifin. Shi ya sa ɗan Kudu zai tsufa har ya mutu kalmar ba ta taɓa fita daga bakinsa ba.

A bakin kogin, dab da dutsen iyaka, akwai wata jaka mai suna Tabawa. Ba ta da komai a duniya sai gonar alkamar da ta gada, inda rijiyarta take, inda kuma aka binne uwarta. Wata rana wasu ɓaunaye, dakarun Karkanda, suka ƙetaro shan ruwa, suka bi ta kan rumbunta suka mayar da shi gari. Tabawa ta fito a guje, ta ga hatsinta a cikin laka, hawaye suka cika mata ido, sai bakinta ya yi abin da ya saba.

"Ku yi haƙuri," in ji ta, "rumbun ne ya tare muku hanya."

Babban cikinsu, wani ɓauna mai suna Ɗankaka, wanda shi ne jakadan Karkanda a bakin iyaka, ya waiwaya ya tambayi 'yan'uwansa ko sun ji. Suka ce sun ji. Kafin rana ta faɗi sun mirgino dutsen iyaka har tsakiyar gonar. Ɗankaka ya ce bayan girbi zai dawo a yi maganar sauran rabin, mai rijiyar da kabarin.

Tabawa ta kama hanyar majalisa. Dajin Sanyi yana da Zaki, amma Zakin can ƙetaren teku yake zaune, sai hotonsa da aka rataye a jikin kukar da ake taro a gindinta. Mai riƙe da daji shi ne Waziri, wani dila mai suna Mantau, wanda ko mutuwa zai sanar sai ya yi murmushi. Kafin a fara zama, kamar kullum, aka miƙe aka furta cewa ƙasar nan tun asali ta kunkuru ce, aka ba kunkuru haƙuri. Wani tsohon kunkuru da ke can gefe ya ɗaga kai ya ce da ma a Kudu aka yi masa wannan laifin, da yanzu ya koma gonar kakanninsa. Aka gode masa da wannan muhimmiyar gudummawa, aka wuce.

Tabawa ta faɗi abin da ya same ta, ta kuma ba majalisa haƙuri saboda ɗaukar lokacinta.

Waziri Mantau ya miƙe. "'Yan'uwana dabbobin Dajin Sanyi, bari in faɗa da babbar murya: dajin nan ba na sayarwa ba ne! Ba yau ba, ba gobe ba! Muna tare da Baba Tabawa ɗari bisa ɗari. Za mu mayar da martani mai ƙarfi, a lokacin da ya dace, ta hanyar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba." Sannan ya sake maimaita jawabin kaf da harshen tsuntsaye, domin tsuntsayen gabas sun sha cewa ranar da aka yi magana ba a fassara musu ba za su ware su kafa nasu dajin.

Madugun adawa, wani kura mai suna Cindo, ya daka tsalle. "Ranka ya daɗe, surutu kawai! Wa ya bar rumbu a kan hanyar ɓauna? Gwamnatin nan! Wa ya kawo hayaƙi? Gwamnatin nan! Ku ba ni kujerar, ku gani idan Karkanda bai zo da ƙafarsa ya gaishe ni ba."

Wata bushiya ta ce tunda Kudu ta tsaurara, me zai hana su sayar wa junansu zumar? Nan majalisa ta kaure. Ashe tsakanin kowace unguwa da 'yar'uwarta akwai shinge, kuma zumar yamma ba ta shiga gabas sai ƙudan zuma na gabas sun ɗanɗana sun amince. Kowa ya yarda a rushe shingayen, kowa kuma ya ce a fara da na maƙwabcinsa. Tabawa tana tsaye tana sauraro, ranta yana ƙuna, domin tun da aka fara musun babu wanda ya sake ambaton gonarta.

Da ƙyar aka cimma matsaya: ranar da Ɗankaka zai dawo, Waziri da kansa zai je bakin iyaka, kuma babu mai ba da haƙuri. Aka shiga horo. A jera dabbobi a riƙa taka musu ƙafa, duk wanda ya yi magana ya koma baya. Abin tausayi ne ƙwarai. Wani zomo ya daure har ya suma, da ya farfaɗo ya ba da haƙurin suman. Tabawa ce ta fi kowa dagewa. Takan tsaya ita kaɗai a gaban kabarin uwarta, ta cije leɓe, ta riƙa tuna hatsinta a cikin laka har sai ta ji kalmar ta koma ciki.

Bayan girbi Ɗankaka ya dawo da dakarunsa. Ya tarar da Waziri, da Cindo, da rabin daji a tsaye a gonar Tabawa. Bai gaishe da kowa ba. Ya tako kai tsaye ya ɗora kofatonsa a kan wutsiyar Waziri, ya tsaya yana jira. Gumi ya karyo wa Mantau duk da sanyin da ake yi, amma bai ce uffan ba. Ɗankaka ya bangaje Cindo, shi ma ya yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Sai jakadan ya juya wajen mai gonar. Ya taka a hankali har kan kabarin, ya tsaya da ƙafafunsa huɗu a kai, ya fara tonon ƙasar da kofato.

"Baba, kabarin nan ya tare mini hanya," in ji shi. "Ba ki da abin cewa?"

Tabawa ta juya masa baya. Kowa ya zaci kuka za ta yi. Sai ta ɗaga ƙafafunta na baya ta zabga masa harbi a haƙarƙari, har ƙarar ta kai ƙetaren kogi.

"Sauka daga kan uwata!" ta daka masa tsawa. "Gonata ce! Rijiyata ce! Rumbuna kuka rushe, kuma wallahi ban yi muku laifin komai ba. Ku mayar da dutsen nan inda kuka same shi!"

Ɗankaka ya sauka. Tun da yake aiki a iyakar nan bai taɓa jin ɗan Dajin Sanyi ya ɗaga murya ba, kuma dokarsu ba ta ce komai a kan wanda ya ƙi amsa laifi ba. Ya dubi dakarunsa, suka dube shi. Biyu daga cikinsu har sun sa ƙaho sun fara tura dutsen baya, wajen kogi. Tabawa tana haki, farin ciki ya cika ta.

Waziri Mantau kuwa kunya ce ta lulluɓe shi. An horar da shi ya daure idan aka taka shi, amma ba wanda ya koya masa abin da zai yi idan nasa ne ya yi duka. Ga baƙo yana ɗingishi, ga duniya tana kallo, me za a ce da tarbiyyar Dajin Sanyi? Ya gyara murya, ya matso, ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe jakada, wannan ba halinmu ba ne. Don Allah ka yi haƙuri."

Masu tura dutsen suka tsaya cak. Ɗankaka ya daina ɗingishi.

"A madadin wa kake magana, Waziri? A madadin jakar?"

"A'a, ai abin ya fi ƙarfinta," in ji Mantau, yana murmushi. "A madadin Dajin Sanyi gaba ɗaya."

Ɗankaka ya ɗaga kai ya dubi arewa, ya bi kurmi da tafkuna da duwatsun ƙanƙara da ido har inda ganinsa ya ƙare. Ya ce tafiyar da nisa, dutsen kuma da nauyi, ba zai mirginu ba, sai an sami mai ɗauka.

Jaka ɗaya ce a wurin. Suka ɗora wa Tabawa dutsen iyaka a baya, suka ɗaure shi tamau. Ta wuce rijiyarta, ta wuce kabarin uwarta, ta fuskanci arewa. Dabbobin Dajin Sanyi suka dare gida biyu suka ba ta hanya, kuma ba wanda ya gaya mata inda za ta sauke.