Baba Ya Yi Laifin Biyan Bashi da Wuri

Abin da na fara lura da shi a ofishin rancen gidaje shi ne kalkuleta. A kife take a kan kofin shayin Yallaɓai Mai Lissafi, don kada ƙuda ya faɗa. Na ce a raina, to madalla, ga dai abu ɗaya da ke aiki a ginin nan.

Rakiyar Baba na yi. Gidan da muke ciki da rance ya saye shi, ana cira a albashinsa. Yanzu ritaya ta matso, kuma fansho ba zai iya ɗaukar bashin ba. Ko dai ya gama biya kafin albashi ya tsaya, ko mu fara neman haya.

Lissafin ba wuya, ni ma na yi masa bayani. Kuɗin ruwa a kan abin da ya rage na uwar kuɗi ake ɗora shi. In kana ƙara wani abu a kan biyan wata, uwar za ta rame, ruwan ya ragu, shekarun su gajarta. Baba ya gamsu. Ya sayar da babur ɗinsa, ya koma zuwa aiki a ƙafa. Nama ya zama baƙo a tukunyar Umma.

Maƙwabciyarmu mai ɗinki kaɗai ta taɓe baki. "Ke 'yar boko, manya ake yi wa gaggawa? Ni kaina in aka biya ni kuɗin ɗinki da wuri sai na zargi mutum."

A lissafinmu bashin ya kusa ƙarewa. Har firam irin na saka hoto Baba ya sayo don takardar gidan, ya naɗe shi a jarida ya taho da shi, wai a gwada a gani ko zai yi daidai.

"Au, kai ne mai ƙarin nan!" in ji Yallaɓai. "Baba, ka ba mu wahala fa. Amma kuɗinka suna nan lafiya a asusun jira."

"Jiran me, ranka ya daɗe?"

"Jiran kwamiti. Shi kaɗai ke da ikon cewa ƙari ya taɓa uwar kuɗi."

"Yaushe zai zauna?"

"Sai Shugaban kwamitin ya dawo. Yana ƙasar waje, taro ake yi kan yadda za a ƙarfafa wa talakawa gwiwar biyan bashi da wuri."

Ni ba mai magana ba ce a gaban mutane, amma na ji bakina ya tambaya, to kuɗin ruwan fa?

"Yana tafiya mana, ƙanwata. Shi ba ya jiran kwamiti." Ya kurɓi shayi, ya mayar da kalkuleta mazauninta. "Sannan akwai 'yar tara. Mun riga mun tsara ribarmu har ƙarshen wa'adi, kun zo kun ruguza mana kasafi."

Jama'a, a yaba wa manyanmu. Wanda ya makara ana cin tararsa, wanda ya yi sammako ma ana ci. Ina za a samu adalci irin wannan? Waɗanda suka kwashi rancen gidaje goma suka manta hanyar ofishin kuwa, ba a taɓa jin sun ba kowa wahala ba.

Yallaɓai ya hango abin da ke hammatar Baba, ya miƙa hannu ya buɗe jaridar.

"Kai, wannan firam ɗin ya yi kyau! Ka ga, daidai hoton Shugaba da muke so mu rataya."

Baba ya dubi firam ɗin, ya dubi ƙurar da ke takalminsa. Ya bar shi a kan teburin, ya gyara hularsa, ya fita. Ta taga na hango shi yana ratsa sababbin motocin 'yan kwamiti, a hankali, don kada rigarsa ta goge su.