Ɗan Jan Maɓalli a Gidan Alhaji Isufu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, wadda na tsaya a gidan Alhaji Isufu ina koya wa Amurka yadda ake raba wutar lantarki. Ni fa, da ko shekara ban cika a ƙasar ba.

Kafin in zo Greensboro shekara shida na yi ina gyaran kwamfuta a Kano, kuma ba yabon kai ba, na iya. Amma da na sauka, aikin da ya samu shi ne ɗaukar kwalaye a wani sito, tun safe har bayana ya sage. Sunan Injiniya dai na riƙe shi gam (ni na raɗa wa kaina ranar Juma'ar farko a masallaci, wa zai tambaye ni takarda?).

Alhaji Isufu mutumin Maraɗi ne, yana da filin sayar da motoci a High Point Road, yana kuma loda kwantena zuwa Yamai. Da na ji yana neman mai kula masa da kwamfutocin ofis, na hango kaina a kujera mai juyawa, na rabu da kwali har abada. Na same shi.

"Bon, Injiniya," ya ce, "ɗiyata Hadiza na son kwamfutar wasa. Haɗa mata. In aikinka ya yi, ofis naka ne."

Hadiza tana jami'a, ita ta zaɓi kayan da kanta, masu tsada. Na je gidansu a Summerfield, cikin awa biyu na haɗa komai ina fito. Ta kunna, ta kawo tsaf. Har na fara tunanin rigar da zan sa ranar Litinin.

Washegari ta kira ni. Rubutu da duba saƙo lafiya lau, amma da zarar ta shiga wasan tseren motocinta ya ɗau zafi, sai gargaɗi ya fito a allo cewa wutar da ke shiga ba ta tsaya daidai ba, sai ɗif, kwamfutar ta mutu. "It died again, Uncle," haka take faɗa min kullum, da muryar mai ba da labarin rasuwa.

Mako biyu ina zarya. Na sake fanka, na zare katin da ke sarrafa hoto na mayar, na hure ƙurar da babu ita. Na ce fawa ce, wato akwatin nan da ke raba wa kwamfuta wuta, aka mayar da ita kanti aka karɓo sabuwa. Na ɗaura da hannuna. Ba ta sake zani ba. Hadiza ta ce ko a kai wa masu kantin su duba, na ji abin ya sosa min rai, na ce mata waɗannan yaran karatu kawai suka sani. To tunda laifin ba zai yiwu ya zama nawa ba, saura wa? Sai na yanke hukunci: wutar gidan ce ba ta da ƙarfi.

Ranar Asabar Alhaji ya yi walimar dawowar ƙaninsa daga Umara. Bayan azahar na iso rungume da sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, wadda na sha wuya kafin in samo, don duk kantin da na shiga kallona suke kamar na tambayi raƙumi. Alhaji ya jawo baƙinsa, kusan mutum goma, zuwa ɗakin karatun Hadiza su ga aikin Injiniya. Da na ga jama'a sai bakina ya buɗe.

"Alhaji, kar ka ga wai Amurka ce," na ce. "Wutarsu ma rawa take. Bambancin kawai su ba sa ɗaukewa, sai su rage a ɓoye. Mu da muka taso da lo-karan, da ido muke gane ta. Ka duba ƙwan lantarkin can, ba ka ga ya ɗan yi ja ba?"

Dattawa suka ɗaga kai suna kallon ƙwai mai lafiya, wasu har da gyaɗa kai. Wani ya ce, "Wallahi ni ma firijina yana wani ƙara." Na ji daɗi ƙwarai. Na haɗa sitabilaiza, na ce Hadiza ta kunna wasan. Motarta ta sha kwana ɗaya, ta sha ta biyu, gargaɗi ya fito, ɗif.

Ana cikin haka Hajiya Rakiya, matar Alhaji, ta shigo da tiren dambun zogale. Ita ce mai shirya kayan kwantena, duk rediyo da injin markaɗen da za a aika gida sai ya bi ta hannunta. Ta zagaya bayan tebur za ta ajiye tiren, ta tsaya, ta gyara tabarau.

"Malam Injiniya, wannan ɗan jan abu na baya, don me yake kan ɗari biyu da talatin? Ai na gida ke nan. Kuran ɗin nan, wato wutar Amurka, ɗari da sha biyar ne. Ko Yamai za a kai ta?"

Jama'a, sabo turken wawa. A Kano tsofaffin kwamfutocin da ake kawowa daga Amurka kan ɗari da sha biyar suke zuwa, in ka jona su haka sai ƙara da hayaƙi. Maigidan da ya koya min gyara ya sha ranƙwashina a kan wannan, har hannuna ya koyi tura jan maɓallin nan na bayan fawa zuwa ɗari biyu da talatin kafin ma in yi bisimilla. Na tura na fawar farko, na tura na ta biyu, ban ko san na yi ba. Mako biyu kwamfutar tana jiran wutar Kano ana ba ta rabi.

Hajiya ta zare soket, ta sa farce ta mayar da maɓallin kan ɗari da sha biyar, ta jona. Hadiza ta yi tsere uku a jere, ta ci biyu. Mai firiji ne ya fara fashewa da dariya, munafuki. Ni kuwa gumi har cikin takalmi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tsinci kaina ina cewa, "Ai dama nan zan duba yanzu," babu wanda ya ko tausaya min ya yi kamar ya yarda.

Alhaji ya share hawayen dariya ya dafa ni. "Voilà, aiki ya samu. Ofis dai a'a. Amma Hajiya ta gaji da juya maɓallan kayan kwantena, kai kuma hannunka ya riga ya iya. Litinin ka zo sito."

Na je. Shekara biyu na yi ina ɗaukar kwalayen Alhaji maimakon na Baturen tsohon sitona, ina tura jan maɓalli zuwa ɗari biyu da talatin, kuma ko rediyo ɗaya bai taɓa ƙonewa a Yamai ba, a yaba min a kan wannan. Yau ina da shagon gyarana, amma har gobe 'yan Nijar ɗin garin nan Injiniya Lo-karan suke kirana. Abin da na koya shi ne, kafin in tuhumi wutar ƙasa guda, in leƙa bayan akwati in ga abin da hannuna ya aikata. In kuma Hajiya na kusa, in bari ta ajiye tire tukuna kafin in buɗe baki.