Rasuwar Zanen Inna, Mayafin Teburinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya kasa riƙe hawayensa, ni Shamsuddeen Zakari, malamin firamare a Yelwa, a madadin iyalan gidanmu, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Yauri, Wara da Shanga rasuwar mayafin teburinmu, wanda aka fi sani da Zanen Inna. Ya cika ranar Talata da hantsi a bakin ruwa, a hannun matata Bara'atu, bayan doguwar jinya.

Ba mu san shekarun marigayin ba, domin ko mahaifiyarmu ba sabo ta same shi ba. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, wata maƙwabciya ta bar mata lokacin da ruwan Kainji ya ci ƙauyenmu kowa ya kama gabansa. Ya goya ni, ya goya ƙannena. Ya je biki, ya je zaman makoki, ya sha hayaƙin bandar kifi har sabulu ya gaji ya ƙyale shi.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, kaina ya ɗau zafi na sayo tebur, wai ni ma'aikaci. Teburin tsoho ne, samansa duk tabon tawada. Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ba za a nuna wa baƙi wannan abin kunya ba. Ta ciro zanen daga adakarta, ta yanke inda ya mutu, ta ƙara masa faɗi da wani labulen gwanjo, ta zauna da allura ta kalmashe bakinsa kaf. Ɗinkin bai miƙe ba, don idonta ya fara rauni. Wani wurin ya yi tsalle, wani wurin zaren ya ƙulle. Damina ɗaya bayan haka Allah ya karɓi abarsa.

Muna shaida marigayin mai haƙuri ne, mai rufin asiri. An zubar masa da miyar kuka, an ɗora masa tukunya da zafinta, yara sun goge hanci da gefensa, bai taɓa kai ƙara ba. Ba a jin muryarsa sai an shanya shi iskar tafki ta taso, sai ka ji fat-fat-fat a kan igiya.

Amma babban aikinsa a kan Baba ne. Mahaifinmu Malam Zakari tsohon masunci ne, da can cewa yake cin abinci a tebur iyayin 'yan boko ne. Da gwiwa ta hana shi zaman tabarma, ido ya tafi, Inna ma ta tafi, sai ga shi a kujera. Ba ya ganin kwano. Yakan kai hannu bakin mayafin, ya bi ɗinkin da yatsa har ya iso wani ƙulli, ya yi jim a wurin, sannan ya yi bismilla. Ranar wanki kuwa, ko tuwo zai sandare, sai mayafin ya bushe yake ci.

Ciwon ajali ya faro ne daga tsakiya, inda ya yi shara-shara har ana hango katako. Likitansa, Ishaya tela, ya yi faci a kan faci, daga ƙarshe ya ce babu sauran inda allura za ta kama. Ranar Talatar da Bara'atu ta kai shi wanki, ko buga shi ba ta yi ba, jiƙawa kawai ta yi ta ɗaga. Nauyin ruwan ya fi ƙarfinsa. Ya ce kyaaat, sau ɗaya, bakin nan da Inna ta ɗinka ya rabu da jikinsa, ruwa ya ja bakin ya tafi da shi. Ta bi shi har ruwa ya kai mata ƙirji, ba ta same shi ba. Ta dawo gida tana kuka, kuma babu wanda ya ga laifinta.

Marigayin ya bar 'yan ƙyallayen goge hannu da aka yanka daga jikinsa tun yana da lafiya, da marufin tulu, da tebur a tsiraice.

Mun shimfiɗa sabo, ɗinkin keke, miƙaƙƙe sumul. Baba ya bi bakinsa da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya dawo, ya sake bi. Sannan ya janye hannunsa ya ce ba ya jin yunwa. Tun ranar, in ban da ruwa da kurɓin koko, babu abin da ya shiga cikinsa. Wallahi tsoro nake ji.

Za a yi wa abin da ya rage na marigayin sutura ranar Juma'a bayan la'asar. Za a ninke shi a mayar da shi adakar da ya fito. Masu neman tsumman goge tukunya su yi haƙuri, ba za a raba gado ba.

Za a karɓi gaisuwa a gidanmu, bayan masallacin unguwa, amma lokacin cin abinci kaɗai. Kada kowa ya riƙo komai. A zo da yunwa, a zauna kusa da Baba, a sa hannu a kwanonsa, ko Allah zai sa ya ji kunyar baƙo ya kai loma.