Rasuwar Baƙa, Wayar Hadjo Mai Atamfa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da suka gaji da hawaye, iyalan Hadjo mai atamfa, ta layin 'yan tufafi a kasuwar Arzèkè, suna sanar da 'yan'uwa na Parakou da na Djougou rasuwar wayarta, wadda duk layi ya sani da suna Baƙa. Ta cika ranar Talata bayan La'asar, a kan teburin Mansour mai gyara. Ta tafi da muryar marigayiya Inna Iyatu, mahaifiyar Hadjo, a kulle cikinta.

Baƙa ba kyakkyawa ba ce, a faɗi gaskiya. Gilashinta a tsage yake tun ranar da ta faɗo daga kan zem, babur ɗin haya. Amma haƙuri! Ta taɓa nitsewa cikin kwanon koko, aka shanya ta, ta tashi ta ci gaba da aiki. Ita ke kai hoton atamfa har Sérou da Kolokondé, mata su zaɓa suna zaune a gindin murhu. Ta san wadda ta ɗauki leshi ba da sanin mijinta ba, ta san wanda ya sayi turmi biyu alhali matarsa ɗaya. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, abin da ba kowa ke iyawa a layin nan ba.

In ciniki ya shigo sai ta ce "ting!", Hadjo ta goge hannu a zane. Amma sautin da ya fi shiga rai na safe ne. Tun da Inna Iyatu ta rasu a daminar bara, Hadjo ba ta buɗe rumfa sai ta danna tsoffin saƙonnin murya. Sai ka ji Baƙa ta yi ɗan tari, ta ce: "Hadjo, kin karya kuwa? Kada ki zauna wa kasuwa da yunwa." Maƙwabta kan yi kamar ba su ji ba.

Ciwon ajali da sallama ya shigo. Wani mutum ya kira, murya kamar ta liman. Ya gaida Hadjo, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya yi ta'aziyyar Inna, har ya ambaci kakansu mai fataucin goro. A gidansu Hadjo kuwa, wanda ya kira sunan kakanka ba a tambayarsa ko shi wane ne, abin kunya ne. Ba ta tuna cewa sunayen nan kaf ita ta baje su a Watsap ba, daga suna zuwa sadakar arba'in. Ya ce ya turo katin bikin 'yarsa, ta taɓa ta gani. Ta taɓa. Ba kati, ba amarya.

Daga nan jikin Baƙa ya yi zafi. Ta kulle kanta, ta ƙi sanin yatsan uwar ɗakinta. Sai ta shiga sambatu: tana aika wa masu ciniki saƙo da sunan Hadjo, wai sabon kaya ya sauka, a turo kafin alƙalami. Wasu sun kira lambar mijin Hadjo sun tambaya, sun tsira. Wani Alhaji, ba za a faɗi sunansa ba, mai jan mota ne, ya tura ba tambaya, kuma layi ya gane dalili.

Mansour ya duba, ya girgiza kai. Dama ya sha ce wa Hadjo ta ajiye kwafin saƙonninta a wani wuri, ta daina taɓa duk abin da baƙo ya turo. Ita kuwa tana ganin kwafi cin kiredi ne kawai. Ya ce magani ɗaya ne: a wanke Baƙa tas, ta tashi lafiya, amma ba abin da za ta tuna. In ba haka ba, a kashe ta, kada a sake kunnawa, don muddin tana numfashi ɓarawon na ciki.

Hadjo ta daɗe tana kallonta. Ba ta iya cewa a wanke uwarta ba. Da hannunta ta danna, har hasken ya ɗauke.

Marigayiya Baƙa ta bar caja guda mai ɗaure da leda, wadda rabin layi ke aro ba sa mayarwa, da katin SIM da aka ciro da rai, da yayarta rediyo, tsohuwa mai kurumta, da masu ciniki da har yanzu wasu ke wuce rumfar suna kallon gefe.

Za a naɗe ta cikin kallabi fari ranar Juma'a, a kai ta Djougou, a kwantar da ita a ƙasan akwatin Inna Iyatu. Zaman makoki a rumfa ne. Kada a yi ta'aziyya ta waya, ba mai ɗauka. Wanda kuma ya sami saƙo da sunan Hadjo, ya tako da ƙafarsa ya tambaye ta.

Iyalai suna da roƙo ɗaya. Duk wanda Inna ta taɓa aika wa saƙon murya, ko na faɗa ne, ko na cigiyar akuya, ya zo da wayarsa da safe, kafin a buɗe rumfa. Ba sai ya ce komai ba. Ya danna kawai, ya ɗan juya baya.